Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tambayoyin Iyaye Kan Shirya Yara Zuwa Zangon 'Yan Sikawut

Duk lokacin da muka raba wa yara takardar fita zango, wayata ba ta hutawa sai an yi mako guda. Wasu iyayen kan tare ni a bakin ƙofar makaranta, wasu bayan sallar La'asar, wata uwa kuwa ta taɓa aiko min da tambayoyinta a rubuce a bayan takardar jarrabawar ɗanta. Kusan iri ɗaya ne kowace shekara, kuma babu ta banza a cikinsu, shi ya sa na tara su wuri guda. Na gina amsoshin a kan irin fitar da na fi sani: kwana uku a gindin tsaunukan Shere da ke gabashin Jos, cikin hunturu, da yara 'yan shekara 11 zuwa 15, kowa da jakarsa a bayansa. Wanda za a kai ɗansa wani wurin dabam sai ya tsinci abin da ya dace da shi.

Malam, yaro yana da gado a gida. Me zai kai shi kwana a ƙasa cikin daji?

Saboda akwai abin da ba ya koyuwa a tsakar gida. A gida idan yaro ya yar da kofinsa, wani zai ɗauke. A zango idan ya yar, da safe ba shi da abin shan shayi, kuma babu wanda ya tsawata masa, shi da kansa zai gane. Tun farkon harkar nan a kan haka aka kafa ta. A watan Agustan 1907 Baden-Powell, Baturen Ingilan da ya kafa harkar sikawut, ya kwashi yara 20 ya kai su tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora yaro ɗaya a kan kowane rukuni, ya bar su su kafa tanti, su hura wuta, su kula da juna. Zuwa 1915 harkar ta iso Najeriya. Har yau tsarin bai sauya ba: yara shida zuwa takwas a rukuni, shugabansu daga cikinsu, mu manya muna gefe muna sa ido.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi fatauci da ƙafa, sun san zango, sun san madugu, sun san yadda ake ɗaure kaya a bayan jaki. 'Ya'yanmu na birni ne suka tashi ba su san ko ɗaya ba.

Ta yaya zan san ɗana ya isa?

Shekaru ba su ne ma'auni kaɗai ba. Ku duba abu uku. Ya taɓa kwana a wani gida, ko gidan kakarsa ne, ba tare da ya tayar da hankali ba? Yana iya yin tsarki da wanka da sa kaya ba tare da an tsaya a kansa ba? Idan wani abu yana damunsa, yana iya buɗe baki ya gaya wa babba? Na ukun nan ya fi sauran muhimmanci a wurina. Yaron da zai ji ciwon ciki ya yi shiru don kunya ya fi ba ni tsoro a kan wanda zai cika ni da ƙorafi.

Yaushe ya kamata mu fara shiri?

Mako huɗu kafin ranar, ko shida idan yaron ba mai yawo da ƙafa ba ne. Shirin kuwa ba sayayya ba ne, tafiya ce. Makon farko ya riƙa yin tafiyar minti 30 da yamma, sau uku, babu kaya. Mako na biyu ya goya jakar da zai tafi da ita, a sa mata gorar ruwa da bargo. Na uku ya kai awa guda, kuma idan akwai tudu ko matattakalar bene a kusa, ya hau ya sauka. A makon ƙarshe ya yi tafiyar awa biyu da cikakken kayansa, sannan ya huta kwana biyu kafin a tashi.

Uba ko yaya ya raka shi. A wannan rakiyar ce za ku ga abin da ni ba zan gani ba sai mun yi nisa: igiyar jakar tana cin kafaɗarsa, takalmin yana matse masa ɗan yatsa, yana haki fiye da kima.

Akwai kuma gwajin da nake roƙon kowane gida ya yi. Daren Juma'a ɗaya, yaro ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida, ya ɗaura gidan sauronsa da kansa, ya kwana da bargon da zai tafi da shi, a kashe fitila. Idan sanyi ya kama shi ƙarfe uku na dare, gara ya gane hakan ɗakin mahaifiyarsa na kusa.

Ni zan shirya masa jakar, ko?

A'a, Hajiya. Wannan ce amsar da iyaye mata suka fi jin zafinta, kuma ita ce na fi dagewa a kai.

Wata shekara mun sauka a zango rana ta kusa faɗuwa. Kafin a gama kafa tantuna duhu ya rufe. Na ga wani yaro ɗan shekara 12 ya durƙusa yana zazzage jakarsa a ƙasa, riguna a cikin ƙura, yana lalube yana hawaye. Tocila yake nema. Na tambaye shi ina ya sa ta, ya ce, "Mama ce ta shirya." Tocilar tana nan, sabuwa fil, an naɗe ta a cikin safa an tura can ƙasa don kada ta fashe. Uwar ta yi komai da ƙauna, babu abin da ta manta, amma yaron bai san jakarsa ba. A gefensa akwai wani da tsohuwar jakar makaranta, zif ɗinta ma an ɗinke shi da zare, ya sa hannu cikin aljihun gefe ya zaro tasa tocilar ba tare da ya duba ba.

Ga yadda za ku yi. Ku shimfiɗa tabarma, yaro ya karanta jerin kayan da muka bayar da babbar murya, ya ɗauko kowane abu da hannunsa ya ajiye. Ku zauna ku duba, ku yi tambaya, amma hannunku kada ya taɓa jakar. Ya shirya, ya zazzage, ya sake shiryawa. Daga nan ku ce ya rufe ido ya fito muku da tocila, ya fito da usur, ya fito da maganinsa. Idan ya iya, ya shirya. Za ku ga ya naɗe riga ba yadda kuke so ba. Ku ƙyale shi.

Tsarin zubin kuwa mai sauƙi ne: bargo da kayan barci a ƙasa, masu nauyi a tsakiya kuma manne da baya, rigar sanyi da abin ciye-ciye a sama, tocila da usur da gora a inda hannu zai kai ba tare da an buɗe jakar ba. Kowane rukunin kaya a cikin ledarsa, saboda ƙura da raɓa.

Nauyin kilo nawa ya kamata ya ɗauka?

Ku auna yaron, ku auna jakar. Ina tsayawa a kashi 15 cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma ko ƙaƙƙarfan yaro ba na bari ya wuce kashi 20. Wato yaro mai kilo 35 ya ɗauki kilo 5, iyakarsa 7. Ku tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka gorori biyu sun riga sun cinye kilo 2 kafin a sa ko riga. Tanti da tukwane da buhun abinci ba a bayan yara ƙanana suke tafiya ba, rabawa ake yi tsakanin manyan yara da mu, wasu kuma mota ke kai su.

To me da me zai shiga ciki?

Kayan sawa kala biyu ban da na jikinsa, safa ƙafa uku, rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, hula mai baki don rana, bargo, tabarmar roba, gidan sauro, tocila da batir na ƙari, usur, gora, kwano da kofi da cokali, sabulu, buroshi ko asuwaki, ƙaramin tawul, silifa, man shafawa, ƙaramar buta, littafi da fensir. Ƙyallen wuyansa na sikawut yana jikinsa, kuma ya san ba ado ba ne kawai: da shi ake rufe hanci idan ƙura ta taso, da shi ake rataye hannun da ya ji rauni.

Ku rubuta sunansa a kan komai, har cokali. Wuƙa sai wanda muka koya wa kuma muka ba izini. Turare da sarƙa da agogo mai tsada su zauna a gida.

Zan saya masa sabon takalmi ranar jajibiri.

Kada ku yi. Sabon takalmi shi ne babban mai kawo bororo, kuma bororo ɗaya a dunduniya ya isa ya mayar da kwana uku azaba. Tsohon kambas mai ƙasa mai kauri wanda ƙafarsa ta saba da shi ya fi sabon but. Idan dole sai an saya, a saya tun farkon makonni huɗun nan, ya yi duk atisayensa a ciki. A yanke masa farce kwana biyu kafin tafiya, domin a gangaren dutse yatsu ke dukan gaban takalmi. Ku kuma koya masa cewa da ya ji wuri ya fara zafi a ƙafa, ya faɗa nan take a manna filasta, tun kafin ya ɗuri ruwa. Silifa ta cikin zango ce da wanka, ba ta hawan dutse ba.

Da gaske ne sanyin Jos ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Daga Disamba zuwa Janairu, sanyin dare kan sauka zuwa wajen digiri 10, ga iska a kan dutse. Yaron da ya tashi a Kano ko Sakkwato ya san hunturu, amma ya san shi ne a cikin ɗaki.

Riguna biyu ko uku marasa kauri a jere sun fi ƙatuwa guda ɗaya, domin da rana zafi ake yi, sai ya riƙa cirewa yana mayarwa. Abin da yara ba su sani ba shi ne ƙasa ta fi iska jan ɗumin jiki, saboda haka abin da ke ƙarƙashinsa ya kai abin rufarsa muhimmanci. Kada ya kwanta da rigar da ya yi gumi a ciki. Ya sa hula da busasshiyar safa. Man shafawa a leɓe da ƙafa da ɗan bakin hanci yana rage faso da haɓo. Idan haɓon ya zo, ya sunkuyar da kai gaba, ya matse hanci minti 10, kada ya ɗaga kai sama yadda aka saba.

Abu ɗaya da nake so ku jaddada masa da bakinku: ba a shiga tanti da garwashi, ko kurfoti, ko kyandir, komai sanyi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Tanti kuma leda ce, cikin ƙiftawar ido take cin wuta.

Takardar lafiyar nan, dole sai na rubuta komai? Ina tsoron a hana shi zuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san dalilin da ke sa iyaye yin shiru: tsoron a ware yaro, tsoron maganar ta fita, wani lokacin ma tausayinsa, don ya ƙwallafa rai. Amma takardar ni da mai kula da lafiya kaɗai ke ganinta, kuma yawancin abin da ake ɓoyewa ba ya hana tafiya, shiri kawai yake sauyawa.

Sikila ce ta fi damuna. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani da hawa wuri mai tudu, duk suna iya tayar da ciwon, kuma zangon dutse a hunturu ya haɗa su duka huɗu. An taɓa ba ni yaro ba a gaya min ba. Dare na biyu ya fara murƙususu yana riƙe ƙafafunsa, sai a lokacin abokinsa ya ce, "Malam, ai yana da sikila." Muka ɗauke shi a cikin bargo zuwa inda mota take, muka kwana a asibiti. Allah ya kiyaye ya samu sauƙi. Da na sani tun farko, da na nemi likitansa ya faɗa mana abin da zai iya, da ban bar shi ya hau dutsen ba, da na ba shi aikin kula da zango kusa da mota, da ruwansa da bargonsa biyu. Ɓoyewar ce ta jefa shi cikin haɗari.

Mai asma ya zo da abin shaƙarsa guda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a hannuna, don ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna tayar da ita. Mai farfaɗiya, mai ciwon sukari, wanda wani magani ko abinci ke yi wa illa, wanda ke tafiya cikin barci, duk a rubuta. Magani ya zo a kwalinsa na asali da bayanin yadda ake sha, a damƙa min hannu da hannu. Ku duba katin rigakafinsa kuma, musamman na sanƙarau, tunda lokacin rani ne yake yaɗuwa kuma yara za su kwana a cunkushe.

Fitsarin kwance ma a faɗa. Ba sabon abu ba ne a wurina. Zan sa shi kusa da ƙofar tanti, in tashe shi cikin dare a hankali, in ba shi leda ta musamman, kuma babu yaron da zai sani.

Wane ruwa za su sha?

Wanda aka tafasa ko aka sa wa ƙwayar tsarkake ruwa. Idan tafasawa ce, ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa. Idan ƙwaya ce, a jira minti 30 kafin a sha. Ku nuna masa ruwan rafi komai garau ɗinsa ba abin sha ba ne, don ba a san abin da ke sama ba, ko shanu ne ko gari.

Matsalar hunturu ita ce iska na busar da gumi kafin a ji shi, sai yaro ya ƙi sha don ba ya jin ƙishi. Ku koya masa duba fitsarinsa: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi masa kaɗan. Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a Agustan 2023, inda sama da mutum 40,000 suka hallara, ɗaruruwan yara ne zafi ya kwantar a kwanakin farko, har tawagogin Birtaniya da Amurka suka janye daga filin. Idan gudawa ta zo, kowane ɗan sikawut ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku sa shi ya haɗa sau ɗaya a gida a gabanku.

In dafa masa wani abu ya tafi da shi?

Na ranar farko kawai. Dafaffen abinci ba ya kwana a jaka. Guzurin da ke aiki shi ne irin namu na da: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, aya, dakuwa, kilishi, ɗan garin kwaki da sukari. Ba sa lalacewa, ba su da nauyi, suna riƙe ciki. Girki rukuni ne ke yi, saboda haka ku bar shi ya shiga madafa a makonnin nan, namiji ne ko mace. Ya iya hura wuta, ya dafa shayi da taliya da shinkafa da wake, ya wanke tukunya da toka.

Ragowar abinci ba ya kwana a tanti, kuma komai a rufe. Ɓera ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, kuma da rani ya fi yaɗuwa.

Maciji fa? Wannan ne ke hana ni barci.

Tsoron yana kan hanya, amma sani ya fi shi amfani. Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ta fi yawa a ƙasashen da ke gangare, irin su Langtang da Shendam da Kaltungo, inda har asibiti na musamman aka yi don saran maciji. Dafinta yana hana jini daskarewa. A saman tudun Jos ba ta kai haka yawa ba, amma ba ma sakaci. Dokokin da yaro zai haddace kaɗan ne: ba yawo da dare babu tocila da rufaffen takalmi, ba sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, itacen wuta a taɓa shi da sanda kafin a ɗauka, a kakkaɓe takalmi da bargo kowace safiya saboda kunama. Wanda ya ga maciji ya ja da baya ya kira babba. Ba jifa, ba bi.

Idan ƙaddara ta faɗa, a kwantar da yaro, a cire zobe ko agogo ko takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka ba. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a tsaya sa baƙin dutse. Duk waɗannan ɓata lokaci ne, wasu ma ƙara ɓarna suke. Maganin dafi na asibiti ne ke ceto. Ku tambayi duk jagoran da zai tafi da ɗanku: wane asibiti ne mafi kusa mai maganin, kuma mota tana kwana a zango? Idan ya yi inda-inda, kada ku sa hannu a takardar.

Za su yi iyo?

A'a. Filato cike take da tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Samansu lumui, amma bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci rayuka da dama. Ruwan da ke kwance kuma yana sa tsargiya. Ku gaya masa wannan a gida kafin ni in faɗa.

Idan ya ɓace fa?

Ba yaron da ke zuwa ko'ina shi kaɗai, ko bayan gida ne, sai da abokin tafiyarsa. Muna ƙirga kai kafin a tashi, a kowane hutu, da kafin barci. Idan duk da haka ya waiga bai ga kowa ba, abu ɗaya ake so: ya tsaya inda yake. Yaron da ya tsaya ana samunsa da wuri, wanda ya ruga neman hanya shi ke ƙara nisa. Ya zauna a inuwa inda za a gan shi, ya hura usur sau uku, ya saurara, ya sake. Murya tana dushewa, usur ba ya dushewa, shi ya sa yake rataye a wuya ba a cikin jaka ba. Ya haddace lambar wayarku da ka. Ku kuma tabbatar masa ba za a doke shi don ya ɓace ba, domin akwai yaran da ke ɓuya daga masu nemansu saboda tsoron faɗa.

A wannan hali na tsaro, ya dace a fita da yara kuwa?

Ba zan ce muku babu haɗari ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Abin da nake yi shi ne: ina zuwa wurin da kaina kafin ranar, in gaida mai unguwa ko dagaci, in sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, in gwada inda waya ke kamawa. Ba ma tafiyar dare, ko kusa da magariba. Ba ma yaɗa rana da wuri a Facebook ko WhatsApp, kuma ina roƙon iyaye su ma su riƙe bakinsu sai an dawo. Idan labari ya sauya ko da daren jajibiri ne, sokewa nake yi mu kafa tantunanmu a filin makaranta. Na taɓa yin haka, yara suka yi fushi, amma sun koyi ɗaurin igiya da girki duk da haka. Uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da haƙƙin ya ce a'a, kuma ba za a ga laifin ɗansa ba.

'Yata ce za ta je. Wa zai kula da ita?

Malamai mata. 'Yan mata ba sa fita sai da jagora mace, tantunansu da makewayinsu dabam, nesa da na maza. Dokar da ta hau kowa, maza da mata, ita ce babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kuma babba ba ya kwana a tantin yara. Ku tambayi sunayen manyan da za su je, haƙƙinku ne. Ku gaya wa yaranku cewa idan wani, babba ko yaro, ya yi musu abin da bai kwanta musu ba, su faɗa, za a saurare su.

Yarinyar da ta kai shekara 11 ta tafi da audugar mata ko da ba ta fara al'ada ba, kuma mahaifiyarta ta yi mata bayani tukuna. Dogon wando a ƙarƙashin riga da hijabi madaidaici sun fi sauƙi a kan dutse, don mai tsawo yana kama ƙaya, kuma haɗari ne kusa da wuta.

Sallah da ibada?

Da lokutan sallah muke tsara ranar. Yara kan ji daɗin neman alƙibla da kamfas: daga Jos tana wajen digiri 65, wato gabas ta ɗan karkata arewa. Ku sa malaminsa ya bita masa taimama da sallar ƙasaru kafin tafiya, tunda nisan ya wuce mil 48 kuma zamanmu bai kai kwana huɗu ba. Yara Kirista suna da lokacin addu'arsu da wanda ke jagorantarsu. A tukunya ɗaya ake ci.

Zan ba shi waya don in riƙa jin muryarsa.

Ku yi haƙuri, waya a hannun manya take. Za mu turo saƙo idan mun sauka, da kowace yamma, da lokacin da muka taso. Abin da na lura shi ne yaron da ke wasa lafiya lau, da ya ji muryar uwarsa da daddare sai kuka. Kuɗi ma kaɗan ya isa, babu kanti a kan dutse.

Idan ya yi ta kuka yana son gida?

Daren farko kusan kowa yana jin kewa, har waɗanda ke cika baki. Yawanci da an ba yaro aiki, riƙe tocila ko juya tukunya, sai ta wuce. Abin da ke ɓata lamarin shi ne alkawarin da ake yi a gida: "In ka ji ba daɗi ka ce a kira ni in zo in ɗauke ka." Wanda aka gaya wa haka ba ya ƙoƙarin jurewa. Ku ce masa, "Za ka ji kewarmu, mu ma haka, kuma za ka iya." Ranar tashi a yi sallama a taƙaice, a yi masa addu'a, a bar hawaye sai mota ta juya.

Ba ni da halin sayen duk waɗannan kaya.

Ku zo mu yi magana, ni da ku kawai. Jakar makaranta mai igiya biyu ta isa, bargon gida ya isa, gorar lemo da aka wanke gora ce, rigar sanyi ta gwanjo tana ɗumi kamar sabuwa. Muna da kayan da tsofaffin ɗalibai suka bari, muna ba da aro. Ban taɓa barin yaro a baya saboda jaka ba.

Idan ya dawo, akwai abin da zan lura da shi?

Zai dawo da datti da yunwa da barci. Ku bar shi ya yi wanka ya ci ya kwanta, labari sai gobe. Ku duba ƙafafunsa da jikinsa ko akwai rauni ko kaska, musamman idan mun bi ta inda shanu ke kiwo. Idan zazzaɓi ya zo cikin makonni uku da dawowa, a kai shi asibiti a yi gwaji, a gaya wa likita ya kwana a daji, kada a tsaya sayen magani a kemis. Jakar kuwa shi zai zazzage ta, ya wanke kayansa, ya shanya bargo, ya cire batir daga tocila, ya mayar da abin da ya aro ranar Litinin.